Watan da Yaya Ta Ƙi Wanki

A gidanmu ni ce mai baki, Yaya kuwa mai kafiya. Ni in raina ya ɓaci sai duk layinmu ya ji, in zazzage abin da ke cikina tas, kafin la'asar na manta. Ita ba ta ɗaga murya. Kallonka kawai za ta yi ta ce, "A'a," a hankali kamar mai amsa gaisuwa, daga nan ko da igiya ka zo ba ka janye ta daga inda ta tsaya. Mama takan ce tun tana goye haka take, abin da ta ƙi ta ƙi shi ke nan.

Wanki da guga ne sana'armu. Shagon yana gaba yana kallon titi, mu muna zaune a bayansa, tsakar gidan kuma nan ne ma'aikatar: bahuna jere a jikin katanga, famfo a kusurwa, igiyoyin shanya sun ratsa ko'ina har sai ka sunkuya kafin ka kai ƙofar ɗakin Mama. Baba ke guga, shi ke karɓar kaya, shi ke sallamar masu su. Mama na kan sitati da ninki tun da ciwon baya ya hana ta durƙuso. Ni rabona kaya masu launi da ɗauraya da shanya. Fararen kaya kuwa na Yaya ne tun ba ta gama firamare ba, domin a duk gidan ba mai hannunta.

Akwai dokar da Baba ya kafa wadda ba wanda ya taɓa tunanin musawa: ba a sa safar roba a wankin farare. Cewa yake wanda ya sa safa ba wanki yake ba, wasa da ruwa yake. Maiƙo in ya jiƙe a jikin farin zani ido ba ya ganinsa, sai dai yatsa ya ji santsinsa, kuma gaskiyarsa ce, haka abin yake. Saboda haka Yaya da tsirarar hannunta take shiga ruwan bilic da garin sabulu, ta cuɗa, ta bi zanin da 'yan yatsu tana lalube, inda ta ji santsi ta koma masa. Har alfahari muke da hakan. In muka ga ma'aikatan wani shago da safa sai mu kalli juna mu taɓe baki.

Muna da wa namiji, shi ne babbanmu. Baba ya yi bakin ƙoƙarinsa a kansa har ya gama jami'a, ya samu aiki a wani gari mai nisa, daga nan sai muryarsa a waya, ita ma sai an yi sa'a. In ya zo gida ba ya zama a shago, wai zafin dutsen guga yana sa masa ciwon kai. Ciwon kai! Mutumin da a kan teburin gugar nan aka shimfiɗa shi yana jariri. Tun daga nan Baba ya ɗauki karan tsana ya ɗora wa jami'a. "Na ba su ɗa guda," in ji shi, "ba su dawo min da shi ba. Ba zan ƙara musu ba."

Yaya ba ta taɓa yi masa gardama a kan wannan ba. Fom ɗin neman shiga jami'a kawai ta je ta cika.

Abin da ya sa mata son karatun, wata shekara aka zo gyaran titin gaban shagonmu, masu awo suka kafa na'urarsu mai ƙafa uku daidai ƙofarmu. Yaya ta fito da ƙunshin kaya a ka ta tsaya kallo, har Baba ya ƙwala mata kira. A cikinsu akwai mace, ita ke leƙa na'urar tana ɗaga hannu, ƙattai suna matsawa inda ta nuna. Da Yaya ta dawo ciki sai ta ce min, "Aikin nan zan yi." Na yi dariya har da riƙe ciki, ita ko murmushi ba ta yi ba.

Ga wanda bai san yadda ake shiga jami'a ba, ba cin jarrabawa kaɗai ba ne. Da farko akwai jarrabawar da kowa da kowa ke rubutawa, kowane kwas kuma da makin da aka yanka masa. In ka haye wannan, jami'ar da ka zaɓa ta kira ka ta yi maka tata, ta haɗa da sakamakonka na sakandare, sannan a jera ku daga sama zuwa ƙasa. Gurbi kaɗan, masu nema kamar ƙasa. Inda gurbin ya ƙare nan ake ja layi, ko da rabin maki na gabanka ya fi ka, ka koma gida sai baɗi. Shekarar farko Yaya ba ta kai makin ba. Ta biyu ta kai, ta je ta rubuta ta jami'ar, aka ja layin a samanta kaɗan. Maƙwabta suka fara cewa ta haƙura mana, ai ba dole ba ne. Ta sa littafinta a leda don kar ya jiƙe, ta kifa bokiti kusa da baho ta jingina shi, hannu na cuɗa ido na karatu, ta sake zaman jarrabawar karo na uku.

Tun wurin rajistar jarrabawa ake ɗaukar zanen yatsun mutum da hotonsa, don kar wani ya shiga ya rubuta wa wani. An ɗauki nata lafiya lau, ta shiga ta rubuta ta fito. Bayan nan ne Baba ya samu aikin da bai taɓa samun irinsa ba: wani otal ya ba shi wankin zannuwan gadonsa da tawul-tawul gaba ɗaya. Kullum mota ta sauke ƙunshi-ƙunshi, duk farare. Baba har ƙiba ya yi don murna. Yaya kuwa ta koma daga safe har rana ta faɗi hannunta na cikin bilic, wata da watanni, ba wanda ya ga aibun hakan, har ita.

Sunanta bai fito a sahun farko ba, sai a na biyu. Tana tsugune gaban baho ta ce in duba mata wayarta don hannunta da kumfa. Na duba, na kurma ihun da ya sa Mama ta yar da sitati ta fito tana salati. Yaya ta karɓi wayar da bayan hannu ta karanta, ta ce, "Sun ba ni," ta miƙo min, ta ci gaba da cuɗa. Baba da aka gaya masa bai ɗago daga rigar da yake gogewa ba, ya ce, "Allah Ya sanya alheri." A zatonsa abin zai bi ruwa kamar na sauran shekarun.

Samun gurbi ba shi ne shiga ba. Sai ka amsa cewa ka karɓa, ka buga takardar, sannan ka je da ƙafarka a tantance ka kafin a bar ka ka yi rajista. Ni na raka ta. Wani babban zaure ne mai fankoki da rabinsu ba sa juyawa, cike da sababbin ɗalibai, kowa rungume da fayil kamar za a ƙwace masa. Teburin farko a duba takardunka na asali, na biyu a kalli fuskarka a kalli hoto, na uku kuma wata 'yar na'ura ce mai gilashi, ka ɗora babban yatsa, in kai ne ta kawo kore, hotonka ya fito a kwamfuta. Yaya ta wuce biyun farko ba gargada. Ta zo na uku ta ɗora yatsa, na'ura ta kawo ja.

Saurayin da ke kan na'urar ya ce ta goge hannunta. Ta goge, ja. Ya ce ɗaya hannun, ja. Suka bi yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaya na'urar ba ta sani ba. Sai ya jingina da kujera ya ce, da ƙarfi yadda na bayanmu za su ji, "To ba ke kika rubuta jarrabawar ba ke nan. Wa ya rubuta miki?"

Kai! Ban san lokacin da na tsallake igiyar da aka tare 'yan rakiya da ita ba. Na ce masa ya maimaita in ji, na ce shekara uku tana wannan wahalar yana ina, na ce abubuwa da yawa da ba sai na maimaita ba. Masu gadi sun taso ke nan shugabar wurin ta fito daga ofishinta, wata dattijuwa mai tabarau, kowa Malama yake ce mata. Ta ce min, "Ke, rufe mana baki." Na rufe, don muryarta irin ta Mama ce in ta gaji da mu. Ta kama hannun Yaya ta ja ta bakin taga, ta juya tafin sama ta ƙura masa ido. Ni ma na leƙa. Kan yatsun nan sumul suke suna sheƙi kamar bayan cokali, babu layi ko ɗaya.

"Wace sana'a kike yi?"

"Wanki, Malama."

"Da bilic? Ba safa?"

Yaya ta gyaɗa kai. Malama ta sauke numfashi ta ce ta sha ganin irin wannan, masu aikin siminti da masu wanki. Ta ce ita ta yarda Yaya ce, amma yardarta ba ta shiga kwamfuta, kuma ba za ta ɗaga wa kowa wannan doka ba, don ranar da ta ɗaga wa mai gaskiya ɗaya maƙaryata goma za su biyo ta ƙofar. "Amma fata tana dawowa in an ƙyale ta," in ji ta. "Ƙarshen wata muke rufe rajista. In kin zo kafin nan na'ura ta gane ki, gurbinki na nan. In ba ta gane ki ba, akwai masu jira a bayanki, ɗayansu za a ba. Ba sabulu, ba bilic, ba cuɗa, ki yi ta shafa mai. Za ki iya?"

"Zan iya," in ji Yaya.

A mota ni nake ta bambami, ita tana kallon yatsunta. Can ta ce, "Hannuna ne fa, kullum ina tare da shi, ban lura ba."

Mun tarar da Baba a kan guga, kayan otal an jiƙa su suna jiranta. Ta durƙusa ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara har ta gama, ya ce, "To ai shi ke nan, Allah bai nufa ba. Tashi ga kaya can, tun ɗazu suke cikin ruwa."

"Baba, ba zan sa hannu a baho ba sai na yi rajista."

Dutsen gugar ya tsaya cak a kan rigar mutane har sai da Mama ta ce, "Malam, za ta ƙone." Ya ɗaga shi ya ajiye. Ya ce ta sake faɗa. Ta sake, da muryar nan tata ta amsa gaisuwa. Ta ce duk wani aiki da ba na ruwa ba za ta yi, karɓar kaya, ninki, kai wa mutane gida, ko shara ce. Baba ya ce in ba farare ba kar ta taɓa masa ko hankici, kuma ba za ta zauna masa a tsakar gida tana kallon mutane suna aiki ba. Yana nufin ta ji kunya ta miƙe ta kama. Sai ta ɗauki benci ta fita da shi ƙofar shago, bakin titi, ta zauna, ta ɗora hannuwanta a gwiwa tafin yana kallon sama, sun sha mai suna ƙyalli.

Haka ta yi ta zama kullum, daga buɗe shago har rufewa. Mai facin taya da ke maƙwabtaka da mu, wanda bakinsa ya fi nawa kaifi, shi ya raɗa mata suna. Da safe in ya fito sai ya cire hula ya rusuna: "Ranki ya daɗe, Gimbiya! A kawo mafici ne ko a kawo lema?" Kafin mako ya zagayo duk layin Gimbiya suke ce mata, har masu kawo wanki. Wasu da wasa, wasu da baƙar magana. Mata su wuce suna cewa ka ga 'yar zamani, uba na fama tana shanya hannu. Ita ko a jikinta. Mai faci in ya yi tsiyarsa ta ce, "A kawo duka biyun," ta ci gaba da kallon titi.

Baba ya aika aka kira Gwaggo, yayarsa, wadda in ta yi magana a danginmu an gama. Ta zo ta tsaya a kan Yaya ta yi faɗa har mayafinta na zamewa, ta ce wace irin 'ya ce za ta ƙi ubanta a kan takarda. Yaya ta sauko daga bencin ta durƙusa ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Gwaggo, ban ƙi Baba ba. Baho na ƙi, shi ma na wata ɗaya." Gwaggo ta shiga ciki ta ce wa ƙanenta, "Wannan kai ta biyo, sai ka ji da abinka," ta yi tafiyarta. Mama ta kira wanmu a waya ko zai sa baki. Ya ce a yi ta haƙuri da juna, yana cikin taro, zai kira. Har yau muna jiran kiran.

Farare suka dawo kaina. Ranar farko na sayo safa na sa, ina cewa ni ba za a cinye min yatsu ba. Washegari otal ya dawo da rabin zannuwan, duk tabon maiƙo ya fito bayan guga. Baba shimfiɗa su kawai ya yi a gabana ɗaya bayan ɗaya. Na cire safar na jefar. To ni ba ni da hannun Yaya, ba ni da saurinta, ga nawa aikin na jira. Mama ta gwada durƙusawa ta taya ni, sai da muka kama ta mu biyu kafin ta miƙe. Baba ya riƙa barin guga yana shigowa cuɗa, gugar ta taru, masu kaya suna zuwa suna komawa hannu rabbana. Hannuna ya tsattsage, tsakanin yatsu ya buɗe, in na sa a ruwan bilic sai na ciji leɓe. Na yi kuka, na zagi otal, na zagi na'ura, na zagi saurayin nan da ke kanta. Yaya kaɗai ban zaga ba. Kowace safiya kafin a buɗe shago sai mu je bakin taga ta danna yatsanta a gilashi, mu leƙa. Da farko dunƙulen maiƙo kawai muke gani. Daga baya wasu siraran layuka suka fara bayyana a gefe, muka riƙe baki kamar mun ga jinjirin wata.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare mutumin otal ya zo da kansa da tsakar rana. Bai tsaya a shago ba, har tsakar gida ya shigo yana kauce wa igiyoyi, ya ga tulin kayansu ko rabi ba a yi ba. Ya ce suna da baƙi, in motarsu ta zo da yamma ba ta samu kayan nan a goge ba, za su kai aikinsu wani wuri, ya fita.

Baba ya bi shi da kallo har ya fice. Sannan ya yi abin da ban taɓa gani ba. Ya fita wurin bencin, ina biye da shi da kumfa a hannu, ya tsaya gaban 'yarsa, ya kwantar da murya ya ce, "'Yar nan, yau kaɗai. Ki taimake ni."

Da faɗa ya yi da ba abin da zai motsa ta. Wannan kuwa ya shige ta. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta miƙe ta bi shi ciki. Ta tsaya gaban babban bahon, ta kalli tulin kayan, ta kalli hannuna da ke tsattsafar da jini ta gefen yatsa. Sai ta fara naɗe hannun rigarta.

Zuciya ta ciyo ni. Na sa ƙafa na hankaɗe bahon da iya ƙarfina, ya kife, ruwan bilic ya malale tsakar gida, zannuwan otal suka zube cikin caɓi. Na ce, "Wallahi Yaya in kika sa hannun nan a ruwa ba ni ba ke har abada! Wahalar da na sha ta wata guda a banza kike so ta tafi? Yau kaɗai, gobe ma a ce yau kaɗai, haka za ki tsufa a gaban bahon nan!"

Baba ya ɗaga hannu zai mare ni. Na tsaya, ban kauce ba. Hannun ya daɗe a sama, sannan ya sauke shi. Yaya ta kalli zannuwan da ke ƙasa, ta warware hannun rigarta a hankali har wuyan hannu, ta durƙusa a jiƙaƙƙen simintin ta ce, "Baba, ka yafe min. Ba zan iya ba."

"Kun gama da ni," in ji shi, ya koma shago.

Da yamma motar otal ta zo ta kwashe kayanta jiƙaƙƙu, ba ta sake dawowa ba. Masu cewa ni na kashe wa ubana kasuwa su yi ta faɗa, na ji, kuma ko gobe aka maimaita sai na sake hankaɗe bahon nan.

Ana gobe za a rufe rajista muka koma. Zauren ya yi sauƙi, sai 'yan tsirarun da suka makara. Saurayin nan yana nan a kan na'urarsa, da ya gan ni ya gyara zama. Malama ta fito ta tsaya a kansa. Yaya ta ɗora yatsa. Ja. Na dafa tebur. Malama ta ce, "Ya bushe ne, tsoro ya busar da shi. Goga shi a goshinki, ki ɗora a hankali, kar ki danna." Yaya ta goga, ta ɗora. Na'urar ta yi jim kamar mai shawara, sannan ta kawo kore, fuskar Yaya ta cika kwamfutar, da ɗankwalin nan nata mai ɗigo-ɗigo da ta sa ranar hoto. Na ce wa saurayin, "Malam, duba da kyau, ko ita ce?" Malama ta ce in fita waje in jira, amma tana dariya ta faɗa.

Sauran abin duk a guje muka yi shi: asibitin makaranta a auna ta, sashensu a sa mata hannu a kan darussan da za ta ɗauka, hoton katin shaida, sannan neman gado a ɗakin kwanan ɗalibai, inda aka ba ta na sama kusa da taga. Ta hau ta zauna a kan katifar da ko zani babu, tana lilo da ƙafa kamar ƙaramar yarinya.

Ta yi karatunta ta gama, yanzu tana can tana auna hanyoyi da filaye, rana ta ƙona ta ta yi baƙi, kuma har gobe in ta zo layinmu Gimbiya ake ce mata. Shago bai sake samun aiki irin na otal ba, ya koma yadda yake a da, rigunan ma'aikata da kayan 'yan makaranta. Baba ya daɗe bai amsa gaisuwarta ba, ya daɗe ƙwarai. Amma duk wannan daga baya ne. A lokacin ba wanda ya san yadda za ta kaya, ita ma ba ta sani ba, kuma a haka ta tafi.

Safiyar tafiyarta ta fito da jakarta, Mama ta rungume ta a ƙofar ɗaki tana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Baba na kan guga, ya ba mu baya. Yaya ta ajiye jakar ta durƙusa kusa da ƙafar teburin.

"Baba, zan tafi."

Ya juya rigar ya kama ɗaya hannun.

"Na so in tafi da albarkarka. In ka hana ni yau, zan dawo hutu in sake roƙo, in sake dawowa in sake, har ka gaji. Amma tafiya kam zan yi."

Ba abin da ake ji sai hucin dutsen guga a kan damshin riga. Ta jira, ta jira, sannan ta miƙe ta ɗauki jakarta. Da muka fito titi ta ce min, ba tare da ta kalle ni ba, "In kin ga zan waiwaya, ki tura ni gaba."

Mai faci ya miƙe daga kan tayarsa ya cire hula ya rusuna mata. Muka wuce shi, muka wuce mai kanti, muka kusa kwanar da ake tsayar da mota. Ni ce na kasa daurewa na waiwaya. Baba na tsaye a ƙofar shago, ya fito har bakin titi, dutsen gugar na hannunsa ya manta bai ajiye ba.

Na ce, "Yaya, Baba ya fito."

Ta ƙara damƙe jakar. "Kira na yake?"

"A'a. Kallo kawai yake."

"To mu je," in ji ta. Hawaye na zuba har kan rigarta, ba ta share ba, ta ɗaga hannu ta tsayar da mota.